Shekarar da Na Fasa Daɓen Inna

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Kuna cewa Baba ya taɓa sa wa ɗakin Inna tayil, shekara ba ta zagayo ba ya sa aka farfasa shi aka mayar da ƙasa, kuma in an tambaye ku dalili sai ku ce ai Baba ne, haka Allah ya yi shi. Uwarku ma tana da nata labarin, wanda a cikinsa ita ce mai hankali daga farko har ƙarshe, ni kuwa akuyar gidan nan ta fi ni tunani. To tun da raina da lafiyata, ga yadda aka yi, na rubuta muku a littafin nan. Ban ce ba ni da laifi ba. Cewa nake duk wanda aka yanke wa cibiya a ƙauyen nan, in ya ga abin da na gani a bakin ƙofar nan, abin da na yi shi zai yi, wataƙila ma ya zarce ni.

A shekarar sana'ar hatsi ta karɓe ni a kasuwar Minjibir, har na rushe tsohon gidanmu ɗaki bayan ɗaki na mayar da shi na bulo. Na yi rufin kwano, na sa silin, na shimfiɗa tayil mai sheƙin da in ƙuda ya sauka a kai sai ya zame ya karye. Ɗaki ɗaya ne ya gagare ni, ɗakin mahaifiyata. Na ƙasa ne, rufin azara, ƙasansa kuma daɓe. Ku da kuka buɗe ido a kan siminti ku saurara: daɓe aikin mata ne. A baza marmara da ƙasar suri, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowa da madaɓinta na itace, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasa ta haɗe, sannan a bi ta da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a sake bugu, a sake shafawa. Na Inna ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi, santsi kamar bayan tsohuwar ƙwarya. In zafin bazara ya taso, kwanona ya fara gasa mu kamar masara, duk gidan can muke tarewa, ni ma da nake zagin ɗakin sai in fake da gaisuwa in miƙe a ƙasa. Amma abin yana cina. A majalisa ana yi mini shaguɓe, wai Alhaji Sule yana taka gilashi, ya bar tsohuwarsa a kan turɓaya. Duk lokacin da na kawo wa Inna maganar gyara, sai ta ce in je in gyara hulata.

Ana cikin haka wata ranar Laraba da hantsi mai unguwa ya yi sallama, tare da wata mata daga birni da ya ce sunanta Hajiya Safiya, sana'arta tsara cikin gidaje, tana neman gidan da har yanzu yake da daɓe, an kuma ce duk karkarar nan namu ne kaɗai ya rage. Tun daga nan na fara jin ƙaiƙayi a ƙeya. Mace da mota mai sanyi, da tabarau, da takalmin da bai taɓa gaisawa da kashin shanu ba, ta baro kwalta tana neman ƙasa. Aka shimfiɗa mata tabarma, ta fito da waya tana nuna mini hotunan aikinta. Na ga falon wani mai hali an rataye faifai a bango guda goma sha, babu ko tukunya ɗaya da za a rufe da su. Na ga ƙwarya an huhhuda ta an sa mata ƙwan lantarki a ciki. Na ga kujera ta tsohuwar tayar mota an saƙa mata kaba, da silin da ta ce da karan dawa aka matse shi, karan da muke ba wuta. Ta ce yanzu duniya ta gane siminti da roba suna dafa mutum suna ɓata ƙasa, masu gini sun koma neman abin da yake numfashi, wanda in ya tsufa zai koma inda ya fito ba tare da ya cuci kowa ba. Ta ce wani masaukin baƙi take tsarawa, tana son ƙasansa ya zama daɓe, amma duk wanda ta sa ya gwada, sai ya tsattsage.

Na yi ta gyaɗa kai ina cewa madalla, a cikina kuwa tambaya nake. Mu mun shekara arba'in muna gudun talauci, yau ga masu kuɗi sun biyo bayansa da mota suna ɗaukarsa hoto. Ni ɗan kasuwa ne. Duk wanda ya yaba wa buhunka fiye da kima, akwai abin da ya hango a ciki wanda kai ba ka gani ba.

Da aka shigar da ita ɗakin Inna sai ta cire takalmi, ta durƙusa, ta shafa ƙasan da tafin hannu kamar mai lallashin jariri, har da kai hanci ta shinshina. Inna tana zaune a bakin gado tana dariya, rabon da in ga haƙoranta a waje haka har na manta. Suka yi ta hira, wace marmara, wane suri, kwana nawa makuba take jiƙa. Duk wannan na jure. Sai da ta tashi tafiya, ta kai bakin ƙofa, daidai wurin da ƙafar Inna take sauka kullum in za ta fita alwala, wurin da ya ɗan ɓantare saboda taku, sai matar nan ta buɗe jaka ta fito da 'yar leda da ƙaramin cokali.

"Inna, don Allah in ɗan kankari kaɗan daga nan?"

Ban san lokacin da na tsallaka tabarma na tsaya a kan wurin da ƙafafuna biyu ba. Ku yara ba ku san ɗibar sawu ba, kuma Allah ya sa kada ku sani. Mu da muka taso, in aka ce an ɗebi ƙasar sawun mutum, to an gama da shi: ko ƙafa ta shanye, ko ya bar gari ya shiga duniya ba waiwaye. Ga shi yau da rana tsaka, a gaban mai unguwa, an zo da cokali.

"Hajiya, ƙasar gidan nan ba ta fita," na ce.

"Kai Auta, matsa ka ba baiwar Allah wuri," in ji Inna. "Sawun nawa da ko ni ya daina kai ni ko'ina?"

Ban matsa ba. Matar ta mayar da cokalinta, ta ba da haƙuri, ta ce za ta dawo bayan mako biyu ko Alhaji ya huce. Wannan dawowar da ta ambata ita ta ƙarasa ni.

Da la'asar na kai maganar majalisa, a nan kuwa aka yi mata miya. Abokina Iro, wanda bai taɓa jin labari ya bar shi yadda ya same shi ba, ya rantse cewa sammu ne, kuma ba Inna ake nufi ba, ni ake nufi, don ta uwa ake kama ɗa, abokan hamayyata na kasuwa ne suka turo ta. Wani ya ce a'a, zinare ne a ƙarƙashin ɗakin, sun hango shi da na'ura daga sama. Wani ya ce filin ake aunawa, yau cokali, gobe katafila. Kafin a kira magariba matar nan ta zama matsafiya, ta zama 'yar leƙen asiri, ta zama aljana mai lasisin tuƙi. Na tashi na bar wurin da shawara ɗaya: abin da babu shi ba a ɗibarsa. Kuma, tun da na yi alkawarin faɗin gaskiya, a can ƙasan zuciyata akwai wata 'yar murna, don na sami hujjar yin abin da na daɗe ina so in yi, in rufe bakin masu shaguɓe.

Allah ya kawo haihuwa a gidan Yaya Hajara, babbar yayata da take aure a Ungogo, jikarta ta sauka. Na sa Inna a mota da kaina, da goro da turmin atamfa, na ce ta zauna har a yi suna ta huta. Uwarku ta gane ni tun kafin ƙurar motar ta kwanta. Ta ce mini in ji tsoron Allah in jira tsohuwa ta dawo a tambaye ta. Na ce mata ai alheri ba a yi masa sallama. Ta ce to ita babu hannunta, ko ruwa ba za ta ba leburorin ba. Ta kuwa cika alkawari.

Na ɗauka aikin rabin yini ne. Diga ta farko da aka kai wa daɓen nan sai ta yi tsalle ta dawo, saura kaɗan ta aske wa mai ita gemu. Kwana biyu ƙarti uku suna fama. Da ya fara ɓallewa sai na ga ashe ba ɗaya ba ne, hawa-hawa ne, wani kan wani, kowane da launinsa, na ƙirga har bakwai. Birkilan da na ɗauko ya ɗauki wani ɓallin yana jujjuyawa, ya ce shi dai da za a ba shi wannan da siminti, wannan zai ɗauka. Na ce ba shawara na kira shi ba. Ɓaraguzan kuwa ban yarda an zubar a bola ba, kada a bi dare a tsince. Na sa aka loda a amalanke, na raba su gona uku, na binne da hannuna, har ina waiwaye kamar wanda ya kashe mutum. Aka zuba siminti, aka shimfiɗa tayil fari mai zanen furanni, aka mayar da gado da randa da adaka kowanne mazauninsa. Na tsaya na duba na ce ko matar gwamna sai haka.

Ranar da Inna ta dawo na sa babbar riga. Ta sauko daga a-daidaita-sahu da sandarta, ta amsa sannu da zuwa, ta nufi ɗakinta, ta ɗaga asabari. Ina bayanta ina jiran albarka. Ta daɗe a tsaye. Ta miƙa sanda ta ƙwanƙwasa tayil ɗin sau biyu, ya yi ƙara kamar an taɓa kwano. Ba ta sa ƙafa ba. Ta saki asabarin, ta juya ta ce wa mai babur ɗin kada ya sauke kaya.

"Inna, gyara na yi miki. Kuma matar nan..."

"Na gani, Alhaji. Allah ya ƙara arziki."

Tun da aka haife ni Auta take ce mini, ko gaban surukaina. Ranar na zama Alhaji. Na bi babur ɗin har bakin titi da babbar riga ina bayani, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Kwana uku bayan nan Hajiya Safiya ta dawo. Na kai ta ɗakin da kaina, ina taƙama, na ɗaga mata asabari na ce ga wuri nan, ta kankara. Na zuba mata ido don in ga fuskar wanda asirinsa ya karye. Sai na ga ta dafa bango, idonta ya kawo ruwa, ta ce inna lillahi, ta tambaya ko an ajiye ko ɓalli ɗaya. Na ce a raina, ka ji, har yanzu ɓallin take nema. Na sallame ta. Ashe kafin ta shiga mota uwarku ta zagaya ta ƙofar baya ta gaya mata inda Inna take. Wannan cin amanar sai bayan wata uku na ji shi.

Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noman farko da na biyu, Inna tana Ungogo. Duk Juma'a sai na je, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa mini da ladabi kamar baƙon da ya zo karɓar harajin gida. Ta tambayi iyali, ta tambayi kasuwa, ta sallame ni. Na kai malamin masallacinmu, ta karɓe shi hannu biyu, ta ce ita ba fushi take ba, ziyara take. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi. Gidan nan kuwa ya zama kamar tasha, kowa ya ci abinci ya tashi, don ashe ɗakin nan ne yake tara mu. Wata Juma'a na je na tarar ba ta nan. Yaya Hajara ta ce an zo da mota an ɗauke ta zuwa birni, wajen aiki. Tsohuwar da ta haura saba'in, wai wajen aiki. Na ce shi ke nan, ba su sami sawun ba sun ɗauke mai sawun gaba ɗaya.

Yaya ta kalle ni irin kallon da take yi mini tun ina yawo ba wando. Ta ce matar nan ta tara mata goma sha biyu a unguwar, zawarawa da masu ƙaramin ƙarfi, Inna tana koya musu daɓe a tsakar gidanta, yanzu kuma su ne suke yin na masaukin, Inna tana kan kujera tana nuni da sanda, an ce har injiniya take kora. Na tambaye ta abin da zan yi tsohuwa ta dawo gida.

"Ta ce ita ba tuwo ba ce da za ka ɗora ta a kan faranti. Ka mayar mata da ƙasarta."

Washegari na kira birkilan nan na ce ya fasa. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce ya fasa kawai. Tayil ɗin da daɓe ya ba ƙarti wuya kwana biyu kafin ya ba shi wuri, shi kafin azahar ya zama tarihi. Daga nan na shiga neman masu daɓe. Na zaga ƙauyenmu da na kewaye, duk tsohuwar da aka ambata mini sai a ce ai ta rasu, ko ta makance, ko tana Kano wajen ɗanta. Matan yanzu kuwa suka ce su a waƙa kawai suka san shi. Na ce abin ba gagara ba ne, ƙasa ce da duka. Na samo marmara, na sa leburori suka yi ta nakasa ta da taɓare. Kwana huɗu ya bushe ya tsattsage kamar ƙafar manomi. Na sake, ya sake. Iro ya zo ya duba ya ce wannan ma aikin matar ne, ta ɗaure ƙasar. A karon farko a rayuwata na ce masa ya tashi ya bar mini gida.

Haka na wanke ƙafa na tafi birni neman matar da na kora. Na same ta a masaukin, cikin wani falo da ƙasansa yake ja yana ɗaukar ido, sanyi yana ratsa tafin ƙafa ba fanka ba komai, ƙamshin makuba ya cika wurin, ƙamshin da na buɗe hanci a cikinsa. Na yi gaisuwa mai tsawo, na zagaya ta kan damina da tsadar taki, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta ja mini rai ba. Amma ni ban iya haɗiye tambayata ba, na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah me za ta yi da ƙasar bakin ƙofa. Ta ce so take ta ga yawan marmara da yawan suri a haɗin, kuma ta zaɓi bakin ƙofa ne don nan ne ya riga ya ɓantare, ba ta son ta yi wa sauran rauni. Da na ambaci sawu sai ta riƙe baki, ta ce wallahi ko a ranta, ita a littafi ta san daɓe, kakarta ta rasu tun ba ta da wayo. Na karɓi bayanin don ina da buƙata. Amma ku rubuta ku ajiye, har gobe ban ga dalilin da zai sa mutum mai lafiya ya riƙa yawo da cokali a jaka ba.

Sharaɗi ɗaya ta kafa, cewa matan gidanmu da na maƙwabta su durƙusa tare da nata su koya. Bayan an yi girbi suka zo, mota biyu, har da Inna da Yaya Hajara. Aka kore mu maza zuwa zaure, ni aikina jigilar ruwa da fura zuwa bakin ƙofa. Daga can nake jin bugun madaɓai yana tafiya tare kamar ƙirjin mutum ɗaya, da waƙa, da muryar Inna tana faɗa wa wata cewa ba mijinta take duka ba, ta sassauta hannu. A cikin waƙar na ji ana ambaton wani mai babbar riga da ya binne ƙasa a gona uku. Ban san wanda ya kai musu wannan ba, amma ina da wanda nake zargi, kuma tana dafa mini abinci har yau.

Da ya bushe aka yi masa makuba ta ƙarshe, Yaya Hajara ta kawo Inna da kayanta. Ta cire takalmi ta shiga, ta taka ko'ina a hankali, ta zauna a bakin gado. Na durƙusa a ƙofa na tambaye ta ko ya yi. Ta ce ya yi, hannun yaran yana da kyau. Sannan ta ɗaga sanda ta nuna kusurwar gabas, ta ce a wancan tsohon daɓen, nan Tabawa ce ta daɓe, bahaguwa ce, shi ya sa wurin ya ɗan karkata, randa take zama daidai. Ta nuna gindin gado ta ce nan Gambo ce da Ladi, suna yi suna faɗa, ranar da aka kawo ta gidan nan amarya. Ta nuna tsakiya ta ce hawa na uku uwarta ce ta yi shi da hannunta, shekarar da aka haife ni. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mata goma sha, babu ko ɗaya da take numfashi a yau.

"Da in na kwanta, duk suna nan ƙarƙashina," ta ce. "Wannan ɗaki ne mai kyau, sai dai ni kaɗai ce a ciki. Shigo mini da adakata."

Na shigo da ita. Na ajiye ta a mazauninta na fita.

Inna tana nan a ɗakinta, kuna shiga kuna kwanciya a ƙasa kuna latsa waya in zafi ya kore ku daga naku. Gonakin nan uku na koma na tona, ruwan damina ya riga ya narkar da komai, gero ma ya fi kyau a wurin. Abin da na iya yi shi ne na zauna da Yaya Hajara ta faɗa mini wadda ta daɓe kowane gefe na sabon, na rubuta a bayan littafin nan, don ranar da wani mai babbar riga a cikinku zai zo da diga ya san kan wa zai sara. Gabas Yaya ce. Tsakiya matan Ungogo ne, da sunayensu. Bakin ƙofa Hajiya Safiya ce da kanta, kuma ina sa ido a wurin. Kusurwar yamma kuwa, inda ya ɗan lotsa har ruwa yake kwanciya in an yi shara, wannan uwarku ce, ko da za ta ce muku ba ita ba ce.